Waifar da Ta Ƙi Fita

Maigidana ya sayi motarsa ta farko ne 'yan shekaru bayan an ba mu jiha, lokacin da Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola, kowa na neman ɗakin kwana da inda zai ajiye teburinsa. Mu ma cikinsu muke. Shi yana ma'aikatar gona, ni ina koyarwa a wata firamare, muna haya a gidan wani Alhaji Bafulatani mai fataucin shanu, shi da iyalinsa a ciki, mu a sashen da ke bakin ƙofa. Motar 'yar Beljiyam ce, wato wani Bature ya gama cin amarcinta a ƙasarsu, wani ya ƙara morarta a kudu, sannan ta iso hannunmu. Amma a dangin maigidana kaf, daga Sunkani har duk inda suka bazu, ba a taɓa samun wanda ya mallaki abin hawa mai ƙafa huɗu ba in ba jaki ba, don haka ba wanda ya isa ya kira ta tsohuwa a gabansa.

Zamanin wahalar fetur ne. Motar ta fi yawan zama a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida fiye da tafiya a kan titi, shi kuwa ya tafi ofis a kan acaɓa yana waiwayenta. In an ji labarin wani gidan mai ya samu, sai a garzaya a kafa layi, wani lokaci mota ta kwana a can tana jiran gobe.

A irin wannan layin ne aka yi wa wani ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu sata. Ya bar motarsa ya je gida cin abinci, ya dawo ya tarar an cire masa waifa. Ba robar da ke share gilashi kaɗai ba, har ƙarafan da ke riƙe da ita, hannu biyun duka, sai 'yan guntayen sanduna biyu aka bar masa a gindin gilashi. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada maza suka kewaye motarsa suna kaɗa kai kamar an zo gaisuwar mutuwa. Maigidana ya daɗe a tsaye a wurin. A hanyar gida har muka wuce mai ƙosan da yaran suka saba a tsaya musu, bai ko lura ba.

Da yamma ya sanar da ni shawarar da ya yanke. Zai cire hannuwan waifar tasa ya ajiye a ɗaki, in ya ga hadari ya haɗu ya mayar. Bazara ce a lokacin, zafin nan na Jalingo da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa, ba a ko fara jin ƙanshin ruwa ba. Na ce masa ai na ga wasu robar kawai suke zarewa su jefa a aljihun mota. Ya ce wannan dabarar ta wuce, ɓarayin yanzu da sufana suke yawo.

Ranar Asabar da safe ya fito da 'yar jakar kayan aikinsa, ya ce in ɗora ruwan shayi, kafin ya tafasa ya gama. Ya ɗaga murfin robar da ke gindin hannun waifa, ya sa sufana, noti ya kwance ba gardama. Na biyun ma haka. Wannan ne ya yaudare shi. Ya jera notinan a kan bonet, ya kama hannun ya ja sama da yatsu biyu, kamar mai zare fure. Bai motsa ba. Ya sa hannu duka. Ya sa hannu biyu, ya dogara gwiwa a jikin taya, motar gaba ɗaya ta girgiza, waifa tana nan inda Baturen ya bar ta. Ashe tsatsa ta haɗa ƙarfen hannun da sandar da yake zaune a kai, sun zama abu guda. Ruwan shayi ya tafasa, ya huce, na sake ɗora shi.

Alhaji ya fito da butarsa da buzunsa ya zauna a inuwa yana kallo. Mutum ne mai tsayi, mai maganar sanyi, Hausarsa irin ta mutanen nan ce da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malam, me motan ya yi maka da sassafe?"

Maigidana ya yi masa bayani yana share gumi. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a ganinsa a zuba kananzir a bar shi ya jiƙa, ƙarfe ba ya son gaggawa. Maigidana ya yi godiya, ya ci gaba da ja.

Kafin azahar ƙofar gidanmu ta zama dandali. A unguwarmu ba a buɗe bonet ko a riƙe sufana mutane su wuce. Telan da shagonsa ke kallon gidanmu ya ce man birki ne maganin tsatsa. Wani ma'aikacin asibiti ya ce lemon kwalba baƙi, ya gani da idonsa a Yola. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta ce manja. Aka samu wanda ya ce a kawo garwashi a gasa wurin, sai maigidana ya tuna masa cewa gilashi da fenti suna nan kusa. Duk sauran kuwa an gwada, ɗaya bayan ɗaya, wani a kan wani. Abin da aka samu shi ne gindin gilashi ya yi danƙo, zuwa la'asar kuma tururuwa ta gano lemon, ta kafa layi daga taya har bonet.

Ana cikin haka ƙanin maigidana ya iso daga Sunkani. Malamin makaranta ne amma noma ya gina shi, ƙirjinsa kamar ƙofa. A kwanakin nan ya yawaita zuwa Jalingo saboda wata yarinya mai koyon aikin jinya, 'yar garin Mutum Biyu, har magana ta kai an sa ranar da za mu je gaishe da iyayenta mu nemi izini. Yana bukatar yayansa, yana bukatar motar yayansa, saboda haka yana neman duk hanyar da zai nuna amfaninsa. Ya tuɓe riga, ya ce Yaya ya matsa ya huta. Ya ɗauki babbar sukundireba ya cusa a ƙarƙashin hannun waifa, ya nemi inda zai dogara ta, bai samu ba sai bakin gilashi. Maigidana ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji wani ɗan sauti, ƙaramin sauti ƙwarai, kamar an taka busasshen ganye. Tsaga ta fito daga kusurwar gilashin ta miƙe kamar tsawon ɗan yatsa, ta tsaya.

Tela ya tuna yana da ɗinki. Ma'aikacin asibiti ya duba agogonsa. Ƙanin ya tsaya da sukundireba a hannu kamar wanda aka kama da kayan wani. Maigidana ya shafa tsagar da babban yatsa, ya karɓi sukundirebar a hankali, ya tattara kayan aikinsa ya shige ɗaki. Da ya yi faɗa da ya fi wa ƙanin nasa sauƙi. Sai da na kai wa ƙanin abinci har inda yake zaune a bayan ɗaki, na ce ya ci, yayansa ba zai fasa zuwa Mutum Biyu saboda gilashi ba.

Na kawo maganar makanike. Maigidana ya ce ba zai kai ba. Ya ji labarin yadda suke yi, ka kai musu abu orijina, ka juya baya su musanya maka da jabu, kuma waifar nan tun daga Turai take. To, sai na faɗi abin da ke raina tun safe.

"Baban yara, abin da kai da ƙaninka da rabin unguwa kuka kasa cirewa da rana tsaka, wane ɓarawo ne zai cire shi a ɓoye?"

Ya dube ni irin duban da yake yi wa manomin da ya ƙi yarda da takin zamani.

"Maman yara, ni ma'aikacin gwamnati ne. Shi kuwa ɓarawo sana'arsa ke nan."

Na lura abin ya tashi daga tsoron ɓarawo ya koma tsakaninsa da ƙarfen nan, kuma a gaban jama'a aka kayar da shi.

Daga ranar ya koma ga shawarar Alhaji, ba tare da ya ce shawarar Alhaji ce ba. Ya wanke danƙon lemo da manja, ya naɗe gindin kowane hannu da tsumma, safe da yamma yana ɗiga kananzir da cokalin shayina. Kananzir ɗin ma a lokacin ba a samunsa da sauƙi, na risho ne nake rage masa. Motar ta ɗauki wari, rigunansa suka ɗauka, har a ofis wani ya tambaye shi ko ya fara sayar da mai ne. Kullum kafin ya fita sai ya ɗan girgiza hannun waifar, ya sunkuya ya saurara kamar mai duba marar lafiya.

A wannan girgizawar ce ya gano abin da ya ɓace masa. In hannun yana kwance a kan gilashi, akwai wata waya mai murɗi a cikinsa da ke danna shi ƙasa, ita ce ke karkatar da gindin ya ƙara cije sandar. In aka ɗaga hannun ya miƙe tsaye, sai cizon ya saki kaɗan. Duk jan da aka yi ranar Asabar, da wayar nan ake kokawa. Wata safiya, ya riga ya sa kayan ofis, ya ɗaga hannun tsaye, ya mayar da noti bisa kan sandar ya ɗan murɗa shi kawai don kada guduma ta lalata zaren ƙarfen, ya sa guntun katako inda zai dogara sukundireba nesa da gilashi. Alhaji na dawowa daga masallaci maigidana ya roƙe shi ya danna masa sukundirebar a hankali, shi kuma ya riƙa bubbuga kan notin da ƙaramar guduma. Bugu kaɗan aka ji ƙas, hannun ya yi tsalle ya tsaya a ƙarƙashin noti. Na biyun ya ɗan yi gardama, maigidana ya cire notin ya kama shi da hannu biyu yana jijjigawa, ya saki gaba ɗaya ba sallama, sai ga maigidana a zaune a ƙasa da wandon ofis, waifa a ƙirji. Alhaji ya ce barka, ya ɗauki butarsa ya shige.

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, ko ranar da aka ƙara masa girma. Ya goge haƙoran sandunan da tsohon buroshi, ya shafa musu baƙin mai, ya naɗe hannuwan waifar a cikin wani tsohon zanena ya tura ƙarƙashin gado. Motar ta koma kamar fuskar da aka aske wa gira. Ya ce yanzu ya samu kwanciyar hankali.

Ranar tafiya Mutum Biyu ta zo. Kawun maigidana, wanda shi ne zai yi magana a madadin dangi, ya riga ya iso daga Sunkani tare da ƙanin maigidana. Muka bar yara wurin matar Alhaji, muka cika but ɗin mota da goro da gishiri da akwatunan lemo da doya. Maigidana ya sa farar shaddarsa da ba ya sawa sai Kirsimeti. Gari ya waye tas, rana tun da safe tana cizo. Na tambaye shi waifa fa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya tambayi Kawu, tunda shi manomi ne. Kawu ya dubi gabas ya dubi duwatsu, ya ce ruwa da sauransa, ko gona bai gama sharewa ba. Maigidana ya ƙara da cewa Mutum Biyu gari ne na kan hanya, manyan motoci na kwana, ba a san wanda ke yawo ba, inda waifar take ya fi mata aminci.

Mun wuce Iware kaɗan iska ta taso. Sama ta yi baƙi daga gefe guda kamar an ja labule, bishiyoyi suka fara sunkuyawa, ɗigon farko ya faɗo a gilashi manya-manya. Kafin Kawu ya gama cewa wannan ba mai zama ba ne, ruwan farko na shekarar ya sauko gaba ɗaya. Hannun maigidana ya tafi wurin makunnin waifa da kansa, ya murɗa. Muka ji injinta ya kama aiki, sandunan nan biyu tsirara suna juyawa dama da hagu a gindin gilashi, da ƙwazo, ba su share komai. Ya bar su suna juyawa na ɗan lokaci kafin ya kashe. Ni dai na kafa idona a kan jakata.

Muka tsaya a gefen hanya mu jira. Ruwan bai nuna alamar gajiya ba. Kawu ya fara damuwa, ya ce zuwan farko ne, an dafa abinci an tara dattawa, in muka bar su suna jira za su ce mun raina su. Shi ne ya kawo dabarar taba, ya ce direbobin da can suna shafa garin taba a gilashi ruwa ya riƙa zamewa. Ya ciro 'yar kwalbarsa, ƙanin maigidana ya fita cikin ruwa ya shafa. Gilashin da a da muke ganin inuwar hanya ta cikinsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ƙanin ya sake fita ya wanke da hankicinsa. Sannan ya gwada zama a gaba ya miƙa hannu ta taga yana gogewa, amma hannun nasa bai kai gefen direba ba, ɓangaren da ba a bukata kawai yake sharewa.

A ƙarshe maigidana ya cire hularsa ya miƙo mini baya, ya sauke gilashin gefensa har ƙasa, ya fitar da kansa waje ya tayar da mota. Haka muka tafi, a hankali kamar masu rakiyar amarya, ruwa na dukan fuskarsa yana runtse ido ɗaya, abin da ya wuce shi kuma yana shigowa ya sauka a kan Kawu da ke bayansa. In babbar mota ta taho sai ya shigo da kai, ta watsa mana ruwan hanya ta wuce, ya sake fitarwa. Ba wanda ya ambaci ƙarƙashin gado. Na so in yi dariya, na kuma ji tausayinsa, don ina ganin yadda wuyansa ke rawar sanyi, kuma bai ce a koma ba.

Mun shiga Mutum Biyu ruwan na tsagaitawa. Mahaifin yarinyar yana tsaye a ƙofar gida da lema. Dattijo ne gajere mai faɗi, ɗan kasuwar doya da shinkafa, dattijon coci kuma, irin mutanen da muryarsu ke riga su shiga ɗaki. Ya ga maigidana ya fito, farar shadda ta manne masa a jiki, rabin kansa kamar an tsamo shi daga kogi. Sannan idonsa ya sauka a kan gilashin mota, ga sanduna biyu tsirara, ga tsaga a kusurwa. Ya ajiye lema ya tafa hannu.

"Kai ma sun yi maka? Jalingon nan ta lalace. Dubi har gilashi suka fasa maka wajen cirewa."

Ƙanin maigidana ya sunkuyar da kai. Maigidana ya buɗe baki, na san gaskiya zai faɗa, don ba ya iya ƙarya ko ta wasa. Kawu ya yi wani tari mai ƙarfi ya dafa kafaɗarsa. Maigidana ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"Sai haƙuri, Baba," in ji shi.

Aka shiga da mu, aka ba shi wata rigar mai gidan, wadda ta yi masa faɗi ta kuma gaza masa tsawo. Labari ya riga ya zaga gidan, duk wanda ya shigo sai ya gaishe shi da jaje, wata tsohuwa ta yi wa ɓarayin Jalingo addu'ar da ni kaina sai da na ji tsoro. Shi kuwa yana zaune yana amsawa da kai.

Ba a kai ga maganar da ta kawo mu ba mai gidan ya miƙe ya ce ba zai bar baƙinsa su koma haka ba, damina ta shigo. Yana da tsohuwar akori-kura a bayan gida, ta daina tafiya tuntuni, an ɗora ta a kan duwatsu kaji na ƙwai a cikinta, amma waifarta lafiya lau. A cire a sa wa motar maigidana, ai ɗansa ne. Maigidana ya ce don Allah kada a wahala, Kawu ma ya sa baki, dattijon ya ce ba a mayar masa da kyauta a gidansa.

Ni ina madafa tare da matan gida, ƙofarta na kallon bayan gidan, don haka komai a idona aka yi. 'Ya'yan gidan maza suka kwance noti suka ja, waifa ta ƙi. Baffan yarinyar ya karɓa ya ja. Wani ya ce a kawo man birki. Maigidana yana tsaye a gefe cikin rigar aro, hannuwansa a baya, yana cije leɓe. Ya daure har lokacin da wani ya ɗauko ƙarfen cire taya ya nufi bakin gilashi da shi. Nan ya ce a dakata. Ya nemi kananzir da tsumma da guntun katako da ƙaramar guduma, ya ɗaga hannuwan tsaye, ya naɗe gindinsu ya jiƙa, ya ce a ba su lokaci.

Lokacin nan da aka ba ƙarfe shi Kawu ya samu. Dattawa duk suna tsaye a kewayen akori-kura, an riga an saba, an yi dariya tare, sai ya gyara tsayuwa ya ce tunda ga shi Allah ya haɗa su, bari ya faɗi abin da ya taso da su daga Sunkani. A kan bonet ɗin motar nan da kaji suka ɓata aka fara maganar auren, aka ƙarasa ta a falo da abinci a gaba. Dattijon ya ce zai tambayi 'yarsa a gaban kowa, aka kira ta, ta ce ta san shi, ta gudu ta dawo madafa ta ɓoye fuska a bayana.

Bayan an ci an sha aka koma bayan gida. Na akori-kurar ba su kai namu taurin kai ba, ko kuwa hannun maigidana ne ya faɗa. Ya mayar da noti bisa kai, ya nuna wa ƙaninsa inda zai dogara a kan katako, ya ce masa a hankali, da wata murya da su biyu kaɗai suka san ma'anarta. Ya bubbuga, na farko ya saki. Ya zagaya, na biyu ya saki. Mutane suka yi ta mamaki. Baffan yarinyar ya riƙe haɓa ya ce, "Da ba mu san daga gidan da ka fito ba, da mun ce kai ne ka addabi Jalingo." Aka yi dariya sosai, maigidana ma ya yi, tasa dai ba ta kai ciki ba.

Ɗaya ne kawai ya zauna a kan sandar motarmu, ɗayan raminsa ya yi faɗi, aka bar shi a can. Wanda ya zauna ɗin ya fi namu tsawo nesa. Da farko maigidana ya ɗaura shi a karkace, da aka kunna sai ya sauko yana share bonet, ya sake kwancewa ya daidaita. Ko da ya daidaitu, in ya tafi hagu sai bakinsa ya wuce gilashi ya bugi ƙarfen gefe, tas, ya dawo. Dattijon ya tsaya yana kallo da gamsuwa, ya ce irin wannan ƙarfen ba a yin sa yanzu. Muka kamo hanyar gida sama ta washe, ko ɗigo bai sake sauka ba har Jalingo.

Na ɗauka washegari maigidana zai ciro nasa ya mayar. Ya so hakan. Amma dattijon nan yana shigowa Jalingo a kai a kai, ko kasuwa ko taron coci, yanzu kuma ya samu masauki. Duk zuwansa, kafin ya shiga gida sai ya tsaya wurin motar ya ɗaga waifarsa ya duba roba, ya tambaya ko tana aiki, ya kuma tambaya ko an kama ɓarayin. Haka maigidana ya yi damina bayan damina da dogon hannu ɗaya yana bugun ƙarfe, gefen fasinja kuma ni nake zama ba na ganin komai in ana ruwa. Da wannan waifar muka ɗauko amarya. Alhaji ya san komai, bai taɓa cewa komai ba, sai dai in dattijon na ba da labarin satar a ƙofar gida, yakan gano cewa akwai abin da ya manta a ciki.

Amaryar ta zama ƙawata, don da suka dawo Jalingo da zama kusa da mu suka kama haya. Wata rana muna gyaran wake, ta riga ta haihu, na ga ba amfanin ci gaba da riƙe abin, na ba ta labarin tun daga farko. Ta yi dariya har sai da ta ajiye faranti. Da ta nutsu ta ce ai ita ma tana da nata. Waifar akori-kurar nan, ƙanin babanta ya daɗe yana roƙon a ba shi guda don motarsa, an yi ta fama da ita an kasa, har babanta ya haƙura. Wadda aka ce raminta ya yi wa motarmu faɗi, ba a yi mako ba tana kan motar baffan nata. Na tambaye ta ko babanta ya san ba sata aka yi mana ba. Ta ce ba ta taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Da maigidana ya dawo daga ofis na bari ya ci abinci, sannan na kwashe duka na faɗa masa. Ya riƙa juya cokali a cikin kofi. Na zaci zai ji haushi. Can ya ɗago ya tambaye ni ko ta ce hannun ya zauna daidai a motar baffan nata, don in ba su goge haƙoran sandar ba kafin su ɗaura, zai riƙa zamewa. Na ce ban tambaya ba. Ya ce gobe in tambaye ta.